Kwamfutar da ka haɗa da hannunka ta ƙi tashi: fara da gano inda ta tsaya

Idan kwamfuta mai ɗauke da Windows da Linux tare ta ƙi tashi, shawarar da ta fi saurin fitowa daga bakin mutane ita ce a yi mata fomatin. Shawara ce mai tsada, kuma galibi ba ta da dalili. Sau tari fayilolinka suna nan daram, Windows lafiyarsa ƙalau, Linux ma haka. Abin da ya ɓaci bai wuce wani ɗan ƙaramin fayil ba, ko layi ɗaya a cikin wani jeri da madabod ke riƙe da shi, ko wani saiti da ya koma yadda ya fito daga kamfani ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Tashin kwamfuta aikin miƙa-miƙa ne. Fawafak, wato akwatin da ke rarraba wuta a cikin kwamfuta, ya ba madabod, wato bod, wuta. Manhajar da ke zaune a cikin bod, wadda har gobe kowa BIOS yake ce mata ko da yake ta zamanin nan UEFI ne sunanta, ta gwada furosesa da ram da katin hoto. Idan sun amsa, sai ta nemi ɗan fayil ɗin da ke tayar da babbar manhaja, wato GRUB a wajen Linux ko Windows Boot Manager a wajen Windows. Shi kuma ya ɗauko babbar manhajar ya miƙa mata ragama, ta buɗe faifanta ta kunna direbobinta. Kowane mataki da irin alamar da yake bari idan ya gaza, don haka kafin ka ɗauki sukudireba ko filashi ka tsaya ka amsa tambaya ɗaya: mene ne abu na ƙarshe da ya bayyana a allo? Iyakar da ta fi muhimmanci ita ce tambarin kamfanin bod, ASUS ne ko MSI ko Gigabyte ko ASRock. Idan tambarin bai fito ba, Windows da Linux ba su da hannu a matsalar, domin ba a ma kai kansu ba.

Kafin tambari ya fito

Idan ka danna maɓalli shiru, ko fanka ba ta motsa ba, duba makunnin da ke bayan fawafak tukuna. Daga nan sai wayoyi biyu: babbar mai ƙafa 24 da ke shiga gefen bod, da mai ƙafa 8 ta furosesa da ke shiga can sama ta hagu. Ta biyun ce sababbin masu haɗawa suka fi mantawa, kuma alamarta fankoki su juya, fitilu su kama, allo ya kasance baƙi ƙirin. Akwai wata mai ƙafa 8 ta katin hoto da ta yi kama da ita sosai. Ta furosesa tana rabuwa gida huɗu-huɗu, ta katin hoto kuwa shida da biyu, kuma tsarin wutar da ke cikinsu ba ɗaya ba ne. Idan ka ji waya tana turjiya, kada ka tura ta da ƙarfi. Haka kuma fawafak irin wanda ake cire wayoyinsa, kada ka ari wayar wani kamfani ka sa masa ko da ta shiga ramin daidai, domin jerin ƙafafun ya bambanta, kuma ta haka faifai ke ƙonewa nan take.

Ga wani abu da ya shafe mu musamman, mu da ke sayen kayan tokumbo. Tsofaffin fawafak suna da wani ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. Wanda ya fito daga Amurka a kan 115 yake zuwa, wutarmu kuwa 230 ce. Idan aka jona shi haka, ƙara ɗaya za ka ji da ƙauri, an gama.

Don ka raba gardama tsakanin maɓallin akwati da bod, zare wayar maɓallin daga ƙafafu biyun da aka rubuta wa PWR_SW, ka haɗa su da bakin sukudireba na daƙiƙa ɗaya. Idan ta tashi, maɓallin ne ko kuma an sa wayarsa a inda bai dace ba. Idan har yanzu shiru, cire babbar waya daga bod, ka haɗa ƙafar koriyar waya da ta baƙa da ɗan ƙarfen maƙale takarda. Fawafak mai rai zai tashi. Da mita za ka auna: layin volt 12 ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6, layin volt 5 tsakanin 4.75 da 5.25. Wannan gwaji yana nuna mataccen fawafak ne kawai. Wanda ya gaji yana iya cin gwajin sannan ya durƙushe da zarar katin hoto ya fara jan wuta. Akwatin fawafak ɗin kansa kuwa ba a buɗe shi, domin yana riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare shi daga soket.

Bod na yanzu da yawa suna da ƙananan fitilu huɗu a gefe, an rubuta musu CPU, DRAM, VGA, BOOT. Suna kamawa bi da bi, kuma wadda ta tsaya a kunne ita ce ke nuna mai laifi. DRAM ce ta fi tsayawa. Sandar ram tana iya zama kamar ta shiga alhali gefe ɗaya bai kulle ba, musamman a bod mai makulli a gefe guda kawai. Idan sanda biyu gare ka a bod mai rami huɗu, rami na biyu da na huɗu daga furosesa ake sa su, wato A2 da B2. Cire duka, ka sa ɗaya kaɗai a A2, ka gwada, ka canza da ɗayar. A lokacin hunturu, da iska ke bushewa har riga ke tartsatsi, taɓa ƙarfen akwati kafin ka taɓa ram, kuma ka hure ƙurar da ta taru a ramukan. Sai a yi haƙuri da DDR5: a tashin farko, musamman a bod ɗin AM5 na AMD, yana iya shafe mintuna allo baƙi yana daidaita kansa. Mutane da yawa suna kashe wuta a tsakiyar wannan aiki suna zaton ta mutu. Idan kuma matsalar ta fara ne bayan ka kunna XMP ko EXPO don ƙara wa ram gudu, goge saitin BIOS: zare wuta, cire batirin CR2032 na 'yan mintuna, ko ka haɗa ƙafafun share saiti da littafin bod ya nuna.

Fitilar VGA sau da yawa ba lalacewa take nunawa ba. An jona wayar monita ne a bayan bod maimakon a jikin katin hoto, alhali furosesar ba ta da sashen hoto a cikinta. Duk furosesar Intel da lambarta ta ƙare da F haka take, haka ma Ryzen 5000 marasa G. Fitilar CPU kuwa tana iya nufin bod ya girmi furosesa: bod ɗin B450 da ya daɗe a shago ba zai gane Ryzen 5000 ba sai an sabunta BIOS ɗinsa, kuma shi ya sa wasu bod ke da maɓallin da ke sabuntawa daga filashi ko babu furosesa a kai. Idan duk wannan bai fito da komai ba, fitar da bod daga akwati ka ɗora shi a kan kwalinsa da furosesa da sanda ɗaya ta ram. Ƙafar tagulla guda da ta rage a ƙarƙashin bod a inda babu ramin sukuru ta isa ta haɗa wuta ta hana komai tashi.

Tambari ya fito, manhaja ba ta zo ba

Nan ne asalin rikicin kwamfuta mai manhaja biyu yake, kuma sai an fahimci abin da manhajojin biyu ke tarayya a kai kafin gyara ya yi ma'ana.

A tsohon tsari, BIOS yana karanta bayit 512 na farkon faifai ne, ya bi duk abin da ya tarar a wurin. Kujera ɗaya ce, duk wanda aka girka a ƙarshe shi ke hawa, shi ya sa ake cewa Windows ya “cinye” GRUB. A tsarin UEFI abin ya canza. Ana ware wani ɗan yanki a faifai mai tsarin FAT32, ana ce masa ESP, wanda Windows ya saba yanka masa megabayit 100. Kowace manhaja da foldarta a ciki: Windows yana ajiye \EFI\Microsoft\Boot\bootmgfw.efi, Ubuntu yana ajiye \EFI\ubuntu\shimx64.efi da grubx64.efi. Ba mai zama a kan na wani. Amma jerin da ke cewa wane fayil za a fara kira ba a faifai yake ba, a jikin bod yake. Wannan jeri shi ne ke yawan ɓacewa ko juyewa. Babban sabuntawar Windows kan mayar da sunansa sama. Sabunta BIOS kan share jerin kaf. Wasu bod, idan ka tayar da su sau ɗaya babu wani faifai a jone, sai su goge sunansa daga jerin, ko ka mayar da faifan ba zai dawo ba. Windows ba ya shan wahala da wannan saboda kusan kowane bod ya san inda zai neme shi da kansa. Linux ne ke ɓacewa.

Saboda haka idan kwamfuta ta fara zarcewa Windows kai tsaye, kada ka sake girka komai. Danna maɓallin zaɓen faifai lokacin da tambari ya fito: F8 a ASUS, F11 a MSI da ASRock, F12 a Gigabyte. Idan sunan Linux ɗinka yana cikin jerin, gyaran bai wuce ka shiga BIOS da Del ko F2 ka ɗaga shi sama ba. Idan babu shi, tashi daga filashin girka Linux ka rubuta efibootmgr -v don ka ga abin da bod ke riƙe da shi. Ana sake jera su da efibootmgr -o 0003,0000, gwargwadon lambobin da ka gani a naka, kuma ana mayar da sunan da ya ɓace da wannan:

sudo efibootmgr -c -d /dev/nvme0n1 -p 1 -L ubuntu -l '\EFI\ubuntu\shimx64.efi'

Wato faifai kaza, yanki na ɗaya, fayil kaza. Umarnin lsblk -f zai nuna maka wane yanki ne mai FAT32, kada ka kwafi lambar da ke nan a makance.

Kuskuren da ya fi cin lokaci shi ne girka manhaja ɗaya a sabon tsari, ɗayar a tsoho. Yana faruwa cikin sauƙi, domin filashi ɗaya kan fito sau biyu a jerin zaɓi, ɗaya da kalmar UEFI a gaban sunansa, ɗaya babu, muddin an kunna CSM a BIOS, wato saitin da ke barin bod ya tashi a tsohon tsari. Duk wanda ka zaɓa, a tsarinsa manhajar za ta zauna. GRUB ɗin da ya tashi a UEFI ba zai iya miƙa wa Windows na tsohon tsari ragama ba, haka ma akasin hakan, komai yawan umarnin da za ka buga. Tabbatarwa ba ta da wuya. A Windows buɗe msinfo32 ka duba layin BIOS Mode. A Linux duba ko foldar /sys/firmware/efi tana nan. Idan babu ita, a tsohon tsari ka tashi. Mafita ta gaskiya ita ce a mayar da duka biyun UEFI a kashe CSM, tunda Windows 11 ma ba ya karɓar tsohon tsarin a hukumance. Windows yana da kayan aikinsa na juya faifai ba tare da goge komai ba, mbr2gpt, wanda ke cikinsa tun 2017. Fara da mbr2gpt /validate /allowFullOS. Yana ƙin aiki idan manyan yankuna sun wuce uku ko akwai irin yankunan cikin-yanki da tsohon girkin Linux ke yi, kuma kada ka kusance shi sai ka kwashe muhimman fayiloli zuwa wani wuri.

Akwai tarko na biyu ga mai faifai biyu, wanda ya ware wa kowace manhaja nata don a zauna lafiya. Mai girka Windows ba ya tambayar ka inda zai ajiye fayilolin tashi. Idan ya ga ESP a wani faifai, can zai zuba su, ko da ka nuna masa sabon faifai fes. Mai girka Ubuntu ma an san shi da irin wannan hali. Komai zai yi ta aiki har ranar da ka cire ko ka goge ɗaya faifan, sai manhajar da ba ka taɓa ba ta ƙi tashi. Rigakafin shi ne ka zare duk sauran faifai lokacin girki, ko da hakan na nufin kwance faifan M.2, siririn nan da ake kafewa a jikin bod, daga ƙarƙashin katin hoto. Wahalar minti goma ce, kuma a ganina babu dabarar da ta kai ta amfani a duk wannan sha'ani. Sannan ka karanta littafin bod game da ramukan M.2: a bod da yawa, sa faifai a wani rami yana kashe wasu ƙofofin SATA, sai tsohon faifanka ya ɓace daga BIOS kamar ya mutu alhali canza masa ƙofa kawai yake buƙata.

Idan saiti yana komawa da kansa duk sanda aka ɗauke wuta, agogo kuma yana komawa wata tsohuwar shekara, auna batirin bod. Sabo yana ba da volt 3 ko ɗan sama da haka. A wuraren da wuta ke wuni ba ta zo ba batirin ya fi saurin ƙarewa, domin shi ke riƙe agogo duk lokacin da fawafak ba ya samun wuta daga soket.

Baƙin allo mai grub rescue

Wannan rubutu yana tsorata mutane, amma labari ne mai daɗi: bod ya sami GRUB, GRUB ne ya rasa sauran kayansa da ke cikin /boot/grub. Yawanci an goge yankin Linux daga cikin Windows ne, ko an yanka wani yanki lambobi suka gusa. Rubuta ls, zai jero maka yankuna irin (hd0,gpt1) da (hd0,gpt5). Bi su ɗaya bayan ɗaya da ls (hd0,gpt5)/boot/grub har ka dace da wanda ya nuna fayiloli. Sai ka rubuta set root=(hd0,gpt5), sannan set prefix=(hd0,gpt5)/boot/grub, sannan insmod normal, sannan normal. Wannan na tashi ɗaya ne kawai. Da ka shiga, sai ka yi sudo grub-install da sunan faifan, ka bi da sudo update-grub.

Idan hakan ya ƙi, daga filashi ake gyarawa, kuma dole filashin ya tashi a UEFI. A Ubuntu da Mint da Debian, ana ɗaura yankin Linux a /mnt, a ɗaura ESP a /mnt/boot/efi, sannan:

for i in /dev /dev/pts /proc /sys /sys/firmware/efi/efivars /run; do sudo mount -B $i /mnt$i; done

Sai sudo chroot /mnt, grub-install, update-grub. Idan ka ga ƙorafin cewa ba a samun EFI variables, a tsohon tsari filashinka ya tashi, koma ka zaɓi mai UEFI. Masu Fedora kada su bi wannan hanya. Su sake girka kunshin shim da grub2-efi ne da dnf, saboda yadda aka sa wa fayilolinsu hannu.

Wani lokaci kuma GRUB lafiya lau yake, Windows ne ya ɓace daga jerinsa. Tun daga GRUB 2.06 na shekarar 2021 aka daina kunna os-prober kai tsaye, shi ne mai leƙawa ya nemo sauran manhajoji. Ƙara layin GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false a /etc/default/grub, ka tabbata an girka os-prober ɗin, ka sake update-grub.

A ɓangaren Windows, shuɗin allo mai lamba 0xc000000e ko 0xc0000225 yana nufin bayanan tashinsa sun ɓace ko suna nuna yankin da babu shi. Tashi daga filashin girka Windows, danna Shift da F10, shiga diskpart, yi list volume don ka gane harafin da Windows ya samu a nan, domin ba lallai C ba ne. Fita ka rubuta bcdboot D:\Windows, ko harafin da ka gani. Idan ESP ɗin gaba ɗaya ya tafi tare da faifan da ka cire, sai ka rage wani yanki ka ƙirƙiri sabo da create partition efi size=260, ka yi masa format quick fs=fat32, ka ba shi harafin S, sannan bcdboot D:\Windows /s S: /f UEFI. Ka yi hattara da tsofaffin bayanai da ke cewa a buga bootrec /fixmbr. Na tsohon tsari ne, ba ya tsinana komai a UEFI. Abin da ba a yi kuma shi ne yi wa ESP mai rai fomatin don a gyara Windows, domin foldar Linux na ciki.

Secure Boot da BitLocker

Secure Boot yana hana bod tayar da fayil ɗin da ba a sa wa hannu ba. Manyan Linux suna wucewa ta hanyar shim, ɗan fayil ɗin da ke kiran GRUB, wanda Microsoft ya sa wa hannu. A watan Agusta na 2024 wata sabuntawar Windows ta tura jerin tsofaffin shim da GRUB da aka haramta saboda raunin tsaro. An ce ba za ta taɓa kwamfutoci masu manhaja biyu ba, amma ta taɓa da yawa, masu su suka wayi gari da saƙon “Verifying shim SBAT data failed: Security Policy Violation”. Gyaran shi ne a kashe Secure Boot, a shiga Linux, a buga sudo mokutil --set-sbat-policy delete, a sake tashi, a sabunta manhajar gaba ɗaya, sannan a mayar da Secure Boot. Tsohon filashin Linux da ya shekara biyu a durowa yana iya ƙin tashi saboda wannan dalilin, ba don ya lalace ba.

Kafin ka taɓa Secure Boot ko ka sabunta BIOS, ka tambayi kanka ko faifan Windows a kulle yake. BitLocker, abin da Windows ke kulle faifai da shi, yana ajiye makullinsa a TPM, wani ɗan ɓangaren tsaro na kwamfutar, kuma TPM ba ya sakin makullin sai ya ga an bi hanyar tashi irin wadda ya sani. Canza Secure Boot, sabunta BIOS, canza furosesa, ko shiga Windows ta cikin GRUB, kowanne na iya sa ya nemi lambar ceto mai alƙaluma 48. Daga Windows 11 24H2, sabon girki da aka shiga da asusun Microsoft yakan kulle faifai ba tare da mai shi ya lura ba. Duba da manage-bde -status. Idan a kulle yake, kwafi lambar a takarda daga asusunka, ka dakatar da kariyar kafin ka yi canji. Wannan ne wuri ɗaya tak a duk bayanin nan da babu wata dabara: idan lambar ta ɓace, kuma mayar da saitin yadda yake bai sa TPM ya saki makullin ba, fayilolin sun tafi, babu mai gyaran da zai dawo da su.

Manhaja ta fara tashi sannan ta faɗi

Idan Windows ya nuna ɗigoginsa masu juyawa sannan ya faɗa shuɗin allo mai INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, tuna ko an canza yanayin faifai a BIOS. Mutane kan juya daga RAID ko Intel RST zuwa AHCI, ko su kashe VMD, don mai girka Linux ya ga faifan. Windows kuma da direban tsohon yanayin yake tashi. Mayar da saitin yadda yake, shiga Windows, buɗe msconfig ka zaɓi Safe boot, sake tashi ka shiga BIOS ka juya zuwa AHCI. A wannan tashin Windows zai ɗauko direban da ya dace, sai ka cire alamar Safe boot. Mataccen batiri ma yana haddasa wannan, idan saitin kamfani ya saɓa da wanda aka yi girki a kai.

A Linux, abu na farko shi ne ka cire labulen. A jerin GRUB danna e, nemi layin da ya fara da linux, goge kalmomin quiet splash, danna F10. Yanzu za ka ga inda ya tsaya. Idan ya tsaya yana ƙirga minti ɗaya da daƙiƙa 30 yana jiran wani faifai sannan ya jefa ka emergency mode, akwai layi a /etc/fstab, fayil ɗin da ke jera yankunan da Linux zai ɗaura lokacin tashi, da ke kiran yankin da babu shi ko wanda lambarsa ta UUID ta canza bayan fomatin. Gwada abin da blkid ya nuna da abin da ke cikin fayil ɗin. Duk faifan da ba dole ne tashi ya dogara da shi ba, kamar yankin ajiya da kake rabawa da Windows, ƙara masa nofail. Kuma kada ka rubuta /dev/sda ko /dev/sdb a fstab, domin haruffan suna musanya idan aka ƙara faifai. Idan kuma a baƙin allo mai rubutun initramfs ya ajiye ka yana cewa a yi fsck da hannu, wanda ke yawan biyo bayan ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu, buga fsck -y da sunan yankin da ya ambata, sannan exit.

Baƙin allo bayan GRUB kusan kullum direban hoto ne, NVIDIA musamman. Ƙara nomodeset a wancan layin da ya fara da linux zai shigar da kai da hoto maras kyau, ko ka zaɓi tsohon kenel a ƙarƙashin Advanced options, ko ka danna Ctrl da Alt da F3 ka shiga ta rubutu. Idan Secure Boot na kunne, direban da aka haɗa a kwamfutarka yana buƙatar ka yi rajistar makullinsa a wani shuɗin allo na MOK da ke fitowa sau ɗaya bayan girki. Wanda ya danna ci gaba ba tare da karantawa ba, direban nasa ba zai loda ba. Duba df -h ma, domin yankin Linux da ya cika maƙil yana hana allon shiga buɗewa, kuma yana yawan faruwa ga wanda ya yi wa Linux rowar wuri. Umarnin journalctl -b -1 zai karanto maka abin da ya faru a tashin da ya gabata.

Sai Fast Startup, wanda ya zo da Windows 8 a 2012. Idan ka kashe Windows, ba mutuwa yake yi ba, rabin barci yake, yana barin yankunansa masu tsarin NTFS a riƙe da wasu na'urori a wani hali na tsaka-tsaki. Sakamakon shi ne Linux ya ƙi rubutu a yankin da kuke tarayya, ko Wi-Fi da Bluetooth su ɓace, ko tashi ya tsaya idan yankin na cikin fstab. Alamar da ke tona shi: idan ka fito daga Windows ta Restart komai na aiki, idan ta Shut down ne sai matsala. Umarnin powercfg /h off a tagar umarni mai ikon shugaba yana kashe shi gaba ɗaya. Kada ka tilasta wa Linux rubutu a yankin da ke wannan barci, ta nan fayiloli ke lalacewa.

Agogo da ke gusawa bayan an sauya manhaja ba lalacewa ba ne. Windows yana ɗaukar agogon bod a matsayin lokacin gari, Linux yana ɗaukar sa a matsayin UTC. A Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi bambancin awa ɗaya ne, a Sudan biyu, mutumin Kumasi kuwa ba zai taɓa ganin wannan matsala ba tunda lokacin Ghana daidai yake da UTC. Umarnin timedatectl set-local-rtc 1 a Linux yana daidaita su.

Wadda ta fi wahalar kamawa ita ce kwamfutar da ke tashi yau ta ƙi gobe, ko saƙon kuskuren ya riƙa canzawa. Matsalar jeri ko ta GRUB ba ta yin haka, tana maimaita kanta iri ɗaya kullum. Idan manhajojin biyu duka suna faɗuwa ta hanyoyi daban-daban, koma kan ƙarfe. Bar Memtest86+ ya zagaye ram sau da yawa, kuskure ɗaya ma ya isa hujja, kuma ka maimaita gwajin da XMP a kashe kafin ka yanke wa sandar hukunci. Karanta lafiyar faifai da smartctl -a. Canza wayar SATA. Dubi zafin furosesa a cikin BIOS, ka tabbata an ɓare ledar da ke ƙasan abin sanyaya ta. Sannan ka lura da lokacin da abin ke faruwa: idan a kan janareta ne ko sanda wuta ta yi ƙasa, gwada ta a bayan UPS ko stabilaiza na kwana biyu, kana canza abu ɗaya kawai a kowane gwaji kana rubuta abin da ya biyo baya.